Yaron da Ya Amsa Sunan Manniru

Malam Zakariyya ya zaro jan biro daga aljihun gaba ya ja layi a ƙarƙashin kalmar, kafin ya tuna cewa ba littafin ɗalibi ne a gabansa ba.

"Haba, Honorabul, kar ka ɓata mini takarda mana," in ji Barista Simon, lauyan Alhaji Manniru, yana miƙo hannu ta saman teburin. "Wannan ne za ka karanta a gaban kwamiti. Ba maki muke nema ba."

"Sunan garinmu kuka ɓata. Rafin Gawo ne, kun rubuta Rafin Gawa. Mu dai ba mu taɓa tsintar gawa a rafin nan ba."

Lauyan ya yi dariya irin ta mai sauri, ya gyara harafin, ya sake turo takardar. A ɗakin cin abinci na wani otal a Wuse, cikin Abuja, suke zaune, sanyin na'ura yana ratsa Malam har ƙashi, shayin da aka kawo masa tun ɗazu ya huce bai ko kurɓa ba. Layi biyar ne kacal a takardar. Shi Zakariyya, tsohon hedimastan firamaren Rafin Gawo, yanzu ɗan majalisar dokokin jiha, ya rantse cewa Alhaji Manniru Yamusa ɗalibinsa ne, a hannunsa ya gama aji bakwai a shekarar 1975.

"Ƙarfe huɗu kwamiti zai zauna a hedikwatar jam'iyya," in ji Barista. "Za su ba ka Alƙur'ani ka dafa, ka karanta, su nuna maka Alhaji su ce ko shi ne, ka ce shi ne. Minti biyar an gama. Oga ya ce in tuna maka, sunanka yana nan a jerin 'yan takara."

"Na sani."

"Amma da fensir aka rubuta shi. Ka gane ai."

Ya gane sarai. Wanda ya yi shekara talatin yana riƙe da alli, ya ƙara takwas a majalisa, ba a tsaya yi masa bayanin fensir. Alhaji Manniru ɗan kwangila ne da arzikin ginin Abuja ya ɗaga sama, yanzu kujerar gwamnan jiharsu yake nema, jam'iyya kuwa a jihar tana aljihunsa kamar goro. Wanda Alhaji ya so shi zai samu tikitin komawa majalisa. Sai ga abokin hamayyarsa ya kai ƙara uwar jam'iyya, ya ce Alhaji bai taɓa taka ƙofar aji ba, satifiket ɗin da ya gabatar ma ba nasa ba ne. Aka duba ƙasan satifiket ɗin aka ga sa hannun hedimasta. Hedimastan kuwa yana raye, har ma a inuwar Alhaji yake siyasa. Shi ya sa aka aika masa da tikitin jirgi.

Barista ya tattara jakarsa ya fita yana amsa waya, ya bar Malam da takarda.

Abin da lauyan bai sani ba, ko ya sani ya kau da kai, shi ne mai ƙarar nan bai yi ƙarya ba. A shekarar 1969 hakimi ya aiko cewa kowane mai gida a Rafin Gawo ya ba da yaro ɗaya a sa shi boko. Alhaji Yamusa, attajirin shanu, ya ce shi kam ɗansa Manniru ba zai je ya zauna a benci yana waƙar Turanci ba, alhali ga fatauci yana jiransa. Ya kamo ɗan baransa, wani siririn yaro mai suna Lukmanu, ya ɗinka masa yunifom, ya kai shi makaranta ya ce a rubuta Manniru Yamusa. Ba shi kaɗai ya yi haka ba, kuma a lokacin ba mai ganin laifin hakan. Shekara bakwai, duk safiyar Allah, in aka buɗe rajista aka kira Manniru Yamusa, Lukmanu ne yake miƙewa. Manniru na gaskiya yana can bayan motar shanu, hanyar Kudu, inda ya tsinci karatunsa da Turancinsa a bakin 'yan kasuwa.

Da aka gama, Zakariyya ne ya cika satifiket ɗin da hannunsa, da kyakkyawan rubutun nan nasa da ake yabo har ofishin ilimi. Shekararsa ashirin da bakwai, sabon hedimasta, Alhaji Yamusa kuma bai daɗe da rufa wa makarantar ajuwa biyu da kwano ba. Ya kai takardun har zaure. Attajirin ya karɓa ya cusa ƙarƙashin buzunsa, ya ce, "An gode, Malam. Yaron ya gama aikin da aka sa shi." Zakariyya ya ce to, ya sa takalminsa ya fito.

Yanzu ƙarfe goma da rabi. Ya ɗauko wayarsa ya kira 'yarsa Nafeesa, wadda take aiki a wata ma'aikatar tarayya a nan cikin gari. Sai da ta kusa tsinkewa ta ɗauka, murya ƙasa-ƙasa.

"Abba, ina mitin. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Na shigo garinku ne, na ce in ji muryarki."

"Kai, Abba, ba ka gaya mini ba! Zan kira ka in mun fito, wallahi yau ko zama ban yi ba."

"Ba komai, yi aikinki. Allah ya yi albarka."

Ya bi sunayen da ke cikin wayar yana gangarawa. Sun fi ɗari huɗu. Ciyaman, Kansila, Shugaban Matasa, Mai Fosta, wani ma bai tuna ko wane ne ba. Duk mai kiransa a cikinsu buƙata ce take kawo shi, kuma babu ɗaya da zai gaya wa wannan magana ta kwana ba ta kai kunnen Alhaji ba. Tsofaffin abokansa malamai kuwa sun janye tun shekarar da suka tafi yajin aiki, shi kuma ya tashi a zauren majalisa ya kare gwamnati da Turanci mai kyau. Ba su zage shi ba, gaisuwa ce kawai ta gajarce. Da matarsa Mariya tana raye da ita zai kira. Da ta saurare shi tana tsince shinkafa, ta ce, "To kai me ka gani?" Shekara uku ke nan da rasuwarta, har yanzu lambarta tana cikin wayar bai goge ba. Kaɗaici ya lulluɓe shi a cikin ɗakin nan mai cike da mutane masu ƙarar cokali.

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya fito bakin titi ya tsayar da tasi.

"Lugbe," ya ce.

Direban ya dubi babbar rigarsa da hularsa ta madubi. "Oga, Lugbe wanne? Wajen sababbin gida, ko ciki-ciki?"

"Ciki-ciki. Gidan bulon Alhaji Manniru."

Tun a gida ya ji labari cewa Lukmanu yana can yana gadi, ya kusa shekara goma. Bai taɓa nemansa ba. Shi ma Lukmanu bai taɓa neman Malam ba. Tun yana Rafin Gawo, in ya hango shi daga nesa sai ya sake hanya, ya bi ta lungu. Malam ya ɗauka ƙiyayya ce, kuma a ransa bai ga laifin yaron ba.

Suka hau hanyar filin jirgi. Kai, Abuja! Ko'ina ka waiga gini ne yake tsirowa, tifofi suna zirga-zirga da yashi, an fasa dutse an kafa bene a gurbinsa. Mutum zai rantse siminti ne abincin garin. Direba yana ta zuba, yana nuna masa gidajen wane da wane, Malam yana "uhm" ba ya ji. Da suka sauka daga kwalta motar ta shiga faɗawa ramuka, tsakanin shagunan kwantena da masu tura ruwa a baro, har suka tsaya gaban wata ƙofar ƙarfe. A jikinta an rubuta da farin fenti: BA A SHIGA SAI DA IZINI. Malam ya tsaya yana kallon rubutun. Yadda aka lanƙwasa wutsiyar G, yadda aka yi wa Z ɗamara a tsakiya, hannunsa ne sak. Haka yake rubuta su a allo.

Ya tura ƙofar. Injin buga bulo yana ta ƙugi, leburori suna jera ɗanyen bulo layi-layi a rana. Can gefe wani mutum mai furfura a gemu, da tsohuwar rigar sanyi da silifa, yana riƙe da tiyo yana ba bulon jiya ruwa. Ya juya baya, amma Malam ya gane tsayuwar, kafaɗar hagu ta ɗan fi ta dama sauka. Kafin ya yi tunani bakinsa ya riga shi.

"Manniru!"

Wo! Leburori suka yi cirko-cirko. Wanda ke zaune a kan buhun siminti ya zabura ya ɗauki shebur, wani ya jefar da rake a bayan tanki, duk suna waige-waigen ta ina Alhaji ya shigo. Mai tiyo kuwa sakin tiyon ya yi, ya juyo ya haɗa ƙafafu, hannaye a gefe.

"Na'am, Malam!"

Suka tsaya suna kallon juna, ruwa yana malala tsakaninsu. Kunya ta kama Malam har kunnensa ya yi zafi.

"Lukmanu nake nufi. Ka yi haƙuri."

"Ai duk ɗaya ne, Malam," in ji Lukmanu, ya durƙusa har ƙasa. "Sannu da zuwa. Ikon Allah, yau Malam ne a nan? Ku ci gaba da aikinku, ba Oga ba ne, malamina ne."

Ya kai shi wata rumfar kwano kusa da ɗakin gadi, ya kakkaɓe benci da hularsa, ya kawo ruwa a kofin silba. Shi ya tsuguna a ƙasa. Sai da Malam ya ce sau uku sannan ya ɗosana a can ƙarshen bencin. Suka gaisa, suka tambayi mutanen gida. Lukmanu ya yi masa ta'aziyyar Mariya, ya ce a nan labari ya iske shi, ya yi mata addu'a, don bai manta ɗumamen da take ba shi ba in ya kai littattafan aji gida. Malam ya ce amin. Rabon da wani ya ambaci sunanta a gabansa har ya manta.

A kan tagar ɗakin gadin akwai tarin tsofaffin jaridu da biro biyu a cikin gwangwani. Lukmanu ya ga inda idonsa ya tsaya, ya yi murmushi.

"Yaran nan ne, in za su cika fom ko su rubuta wasiƙa gida, sai su zo wurina. Har Akawu suke kirana, don tsokana."

"Na ga rubutunka a ƙofa."

"Akwai kuskure?"

"Babu."

Malam ya juya kofin a hannunsa. Ya shirya magana tun a mota, duk ta watse. Lukmanu ne ya taimake shi.

"Na san abin da ya kawo ka garin, Malam. Alhaji ya zo nan shekaranjiya da kansa. Ya ce in wani ya zo yana tambaya, ni ban taɓa shiga aji ba. Na ce to."

"Ka ce to?"

"Me zan ce? Malam, ka sa musu hannu kawai. Takarda ce, tana can cikin akwatinsu tun ina yaro, ni ko ganinta ban taɓa yi ba. Alhaji bai wulaƙanta ni ba. Ga wurin kwana, ga aiki. 'Ya'yana uku suna makaranta, babbar tana aji biyar na sakandare." Ya ɗan yi dariya. "Kuma kowa da sunansa yake amsawa."

"Ba sa hannu kaɗai ba ne, Lukmanu. Alƙur'ani za su ba ni."

Lukmanu ya sunkuyar da kai yana murza yatsun ƙafarsa a cikin silifa. "To, wannan kuma tsakaninka da Allah ne, ba ni da bakin magana. Ni dai roƙona, kar sunana ya fito. In Alhaji ya juya mini baya, ban san inda zan kai yaran nan ba."

"Sunanka ba zai fito daga bakina ba."

Injin bulo ya mutu, wurin ya yi tsit, sai ƙarar jirgi da ya wuce ƙasa-ƙasa zai sauka. Lukmanu ya bi shi da kallo har ya ɓace. Ya buɗe baki ya rufe, ya sosa ƙeya, sannan ya yi magana ba tare da ya dubi Malam ba.

"Malam, tunda Allah ya haɗa mu, akwai abin da na daɗe ina son tambaya. In ba laifi."

"Tambayi."

"Jarrabawar nan ta ƙarshe, wadda aka kai mu hedikwatar gunduma a bayan akori-kura muka rubuta. Da yawa na faɗi?"

Malam ya ajiye kofin. "Wa ya ce maka ka faɗi?"

"Ba wanda ya ce. Amma na ga an kira su Albert ɗan malamin asibiti an ba su takarda, sun tafi sakandare. Ni ba a kira ni ba. Na jira har damina ta faɗi, sai Baba ya miƙo mini fartanya. Na ce shi ke nan, na zubar. Duk wahalar da ka sha a kaina, darasin yamma, fitilarka da kake ara mini. Wallahi Malam, shi ya sa in na hango ka nake sake hanya. Ba na iya haɗa ido da kai."

Inna lillahi. Shekara talatin da ɗaya! Duk tsawon shekarun nan Malam yana zaton yaron nan fushi yake da shi, har yana samun sauƙi a zaton, don wanda ya yi fushi da kai ya rage maka nauyin laifi. Ashe kunya ce. Ashe shi da aka zalunta shi ne yake ɓuya.

"Lukmanu," ya ce, "kai ka zo na ɗaya. Ba a ajinmu kaɗai ba, a duk gundumar. Albert na tara ya zo. An aiko maka da gurbi a sakandaren gwamnati, har da jerin kayan da za ka tafi da su, bokiti da bargo da farin takalmi. Ni na karɓi takardar. Ni na kai ta zauren Alhaji Yamusa, na baro ta a can, ban ce maka komai ba."

Lukmanu ya tashi, ya tafi wajen famfo ya kashe tiyon da ke ta zuba tun ɗazu, ya naɗe shi a hankali, zagaye bayan zagaye, ya rataye a ƙusa. Ya tari ruwa a tafin hannu ya wanke fuska, ya daɗe yana wankewa. Da ya dawo idanunsa sun yi ja, amma murmushi yake.

"Na ɗaya," ya ce. "Har da lissafi?"

"Lissafin ne ma ya ɗaga ka."

"Alhamdu lillahi. Ashe ban ba ka kunya ba, Malam."

Da zagi ya yi, da Malam ya fi jin daɗi. Ya nemi gafara, Lukmanu ya ce haba, haba, wace gafara tsakanin malami da ɗalibi, ai komai rubutacce ne. Ya raka shi har bakin hanya, ya tsayar masa da mota, ya riƙe masa ƙofa. Har motar ta fara tafiya ya biyo ta da ɗan gudu ya leƙo ta taga.

"Malam, in na gaya wa 'yata babba, ba laifi ko? Ita kaɗai."

"Gaya mata."

Ya yi azahar a wani masallacin bakin hanya, ya zauna a ciki har la'asar, don ba shi da inda za shi. Bai ci komai ba. Ya auna abin ta kowace fuska, kamar yadda ya saba auna ƙudiri. In ya rasa kujerar nan, me ya rage masa? Aji ya wuce shi, abokai sun tafi, gidan Rafin Gawo ba kowa sai kujeru. Majalisa ce kaɗai wurin da in ya yi tari ake juyowa. Shekararsa hamsin da takwas, kuma tsoron komawa gidan nan shiru yake ji, tsoro na gaske. Amma duk lokacin da ya kai hannu aljihu ya taɓa takardar Barista, sai ya ga mutum yana naɗe tiyo. Wancan karon da biro ya yi, yana yaro, yana jin nauyin mai kwano. Yau da furfurarsa za a ce ya maimaita, da alwala, hannunsa a kan Littafi.

Huɗu saura kwata ya isa hedikwatar jam'iyya. Harabar ta cika da manyan motoci da 'yan banga da maroƙa, kowa yana ɗaga hoton gwaninsa. Aka hau da shi bene na biyu, aka nuna masa benci a wani dogon baranda, gaban ƙofar da kwamiti yake ciki. Bai daɗe da zama ba hayaniya ta taso daga matakala. Alhaji Manniru ne, cikin farar shadda mai ɗaukar ido, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa, mutum kusan goma a bayansa, Barista Simon yana gefe da fayil.

"A'a, Malam! Malamina na kaina!" in ji Alhaji da ƙarfi, don na kusa da na nesa su ji. Ya kama hannunsa da hannu biyu har da ɗan rusunawa. "An kula da kai a otal dai ko?"

"An kula. Alhaji, ina son magana da kai, mu biyu."

Alhaji ya ɗaga hannu, mutanensa suka ja baya. Suka matsa jikin taga. Malam ya zaro takardar ya miƙa masa.

"Ba zan iya rantsewa ba."

Murmushin bai bar fuskar Alhaji nan take ba, a hankali ya dusashe. "Ban ji ba."

"Ka ji. In sun tambaye ni ko ni na sa hannu a satifiket ɗin, zan ce ni ne. In sun nuna ka sun ce ko kai ne ka zauna a ajina, ba zan dafa Alƙur'ani in ce kai ne ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba, ba kuma wanda ya sa ni. Amma ba zan ce kai ne ba."

"Malam, ni na roƙi a sa wani a madadina? Shekarata bakwai a lokacin. Laifin tsohona ne, ya kuma rasu."

"Laifinsa ne da nawa. Shi ya tafi, ni ina nan."

"Ka san abin da kake yi kuwa? Ni na ɗauko ka daga ofishin hedimasta mai yoyo na kai ka majalisa."

"Na sani, kuma na gode."

Alhaji ya dube shi daga hula har takalmi, kallon da yake yi wa ginin da ya yanke shawarar rushewa. Ya juya ya yafito Barista, suka yi ƙus-ƙus, Barista ya buɗe fayil ya zaro doguwar takardar jerin 'yan takara, ya nemi abu a aljihu. Daga inda Malam yake tsaye yana ganin hannun lauyan yana goga, yana hure garin roba daga kan takardar.

Ya koma benci ya zauna. Ya shiga shirya abin da zai faɗa a ciki, jimla bayan jimla, da Turancin da ba za a samu kuskure a ciki ba.

Ƙarfe huɗu da minti goma ƙofar ta buɗe. Wata mata mai tabarau, sakatariyar kwamitin, ta fito da takarda a hannu ta tambayi ina lauyan Alhaji Manniru Yamusa. Ta ce mai ƙara ya aiko da wasiƙa yanzun nan ya janye ƙararsa, manya sun sasanta su tun da rana. Kwamiti ya wanke Alhaji. Ba a buƙatar shaida.

Baranda ta kaure da sowa. Wani ya leƙa ta taga ya yi ihu, maroƙan ƙasa suka ɗauka, ganguna suka tashi. Aka rungume Alhaji, aka gyara masa hula, aka fara tura shi wajen matakala. Da ya zo daidai bencin sai ya tsaya, ya sunkuyo, ya yi magana yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Kaico, Malam. Da ka yi haƙurin minti ashirin, da ba wanda ya ji."

"Ai har yanzu ba wanda ya ji, Alhaji. Sai kai."

Alhaji ya miƙe, ya gyara hannun rigarsa, ya wuce. Hayaniyar ta bi shi ƙasa, ta fita harabar, ta bi titi tana raguwa har ta ɓace. 'Yan kwamiti suka fito ɗaya bayan ɗaya da jakunkunansu, ba wanda ya san ko wane ne dattijon da ke zaune, balle ya tambaye shi abin da ya zo faɗa.

Bai san tsawon zaman da ya yi ba. Rana ta sauko ta shigo ta taga ta kwanta a kan tayil. Wani tsohon masinja ya zo yana kashe fitilu yana rufe ofisoshi, tarin makullai suna ƙara a hannunsa. Ya wuce Malam, ya dawo, ya tsaya.

"Baba, za mu kulle. Akwai wanda kake jira?"

Malam Zakariyya ya dubi dogon barandar, hagu da dama.

"Babu kowa," ya ce, ya dafa bango ya tashi.